Guntun Gatarinka: Tsokaci a Kan Masu Riƙon Tsohon Babur

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a unguwannin Hausawa na kudancin ƙasar nan, kamar Sabo a Ibadan ko Agege da Idi-Araba a Legas, ko kuwa ya ratsa garuruwan Arewa, ya san akwai wasu mutane da ba su rabuwa da baburansu. Za a ga malamin makaranta ko tela ko ɗan kasuwa yana hawan mashin ɗaya fiye da shekara goma, fentinsa ya koɗe, an sake wa sirdinsa fata ba sau ɗaya ba, amma kullum safiya da bugu ɗaya yake tashi. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne, wasu daga cikin mutanen nan suna da halin sayen sabo. 'Ya'yansu sun yi magana, abokai sun yi zolaya, dillalai sun yi zarya har sun gaji, amsar dai ba ta wuce cewa babur ɗin bai taɓa kunyata su ba.

Tambayar da wannan maƙala take son ta tunkara ita ce: shin wannan hali na kirki ne, ko kuwa maƙo ne da taurin kai aka yi wa ado da sunan amana? Karin maganarmu ma ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Bahaushen da ya ce da tsohuwar zuma ake magani, shi ne kuma ya ce sabo turken wawa. Wanda ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, shi ne ya ce zamani riga. Tun da magabata sun bar mana maganar a buɗe, ya rage namu mu auna ta.

Asalin Abin da Ake Riƙo

Kafin mu yanke wa mai babur hukunci, ya kyautu mu san abin da yake riƙe da shi, domin kuwa ƙarkon da yake yabo ba tatsuniya ba ce. A shekarar 1958 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fitar da ƙaramin babur mai suna Super Cub, wanda aka tsara shi yadda ko ɗan aike mai ɗauke da kwanon abinci a hannu ɗaya zai iya tuƙa shi, saboda ba ya buƙatar a matse kuloci da hannu. Ya zuwa shekarar 2017 kamfanin ya ƙera guda miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Baburan da muke kira roba-roba daga wannan tsatso suka fito.

Labarin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Honda CG125. A shekarar 1974 kamfanin ya tura injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya don su gane wa idanunsu yadda talakawa suke amfani da babur. Suka tarar ana ɗora wa mashin mutum uku ko huɗu har da kaya, ba a yin juyen baƙin mai a kan kari, matatar iska ta toshe da ƙura, kuma ba a kai shi wurin makaniki sai ranar da ya ƙi tashi. Maimakon su koma gida su ce laifin masu hawa ne, sai suka zauna suka ƙera injin da zai jure irin wannan riƙo, mai sauƙin kwancewa da ɗaurawa, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Aka fitar da shi a 1975, aka fara haɗa shi a Barazil a 1976, har yanzu kuma ana yin sa a Pakistan. Injinan babura da yawa na ƙasar Sin da suka cika kasuwanninmu a kan tsarinsa aka kwaikwayo su.

A nan gida, an kafa masana'antar haɗa baburan Honda a garin Ota na Jihar Ogun a 1979. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, babur ya zama jakin birni, sana'ar acaɓa kuma ta bunƙasa. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka shigo da araha, sannan Bajaj Boxer na Indiya ya mamaye sana'ar haya. Kasuwar Nnewi a Jihar Anambara ta zama cibiyar kayan gyara, ta yadda da wuya a sami ƙauyen da ba a sayar da fulogi da sarƙa da takalmin birki. Ashe ke nan mutumin da ya ce mashin ɗinsa ba ya ba shi kunya yana magana ne a kan abin da aka yi da niyyar ya daɗe, a ƙasar da gyaransa yake kusa da hannu.

Shin Ƙarfe Yana da Haƙƙi a Kanmu?

Amana da riƙon alkawari kalmomi ne da muka saba ɗora su tsakanin mutum da mutum. Babur ba ya jin zafi in an sayar da shi, ba ya kuma godiya in an riƙe shi. Doki ma ya fi shi, don shi yana da rai, yana gane ubangidansa. Saboda haka in muka ce wane ya riƙe amanar mashin ɗinsa, dole mu tambayi kanmu amanar wa aka riƙe a zahiri.

Wani tsohon zance na Girkawa zai taimaka mana. Marubucin tarihi Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan wani gwarzo mai suna Tisiyas, wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka shiga gardamar ko jirgin nan shi ne na asali ko wani ne daban. Tsohon babur ma haka yake. An sauya fistin, an sauya kafireta, tayoyi kuwa ba a ma san adadin waɗanda aka ci ba, salansa ta uku ce take kai. In an bi diddigi, abin da ya rage na ranar da aka sayo shi bai wuce ƙashin jikinsa da lambarsa ba. To me mai shi yake riƙo?

A ganinmu abubuwa uku ne. Na farko sani. Mutumin da ya shekara goma a kan mashin ɗaya ya san kukansa na lafiya da na ciwo, ya san yadda yake ja in sarƙa ta saki, ya san nisan da litar mai take kai shi. Wannan ilmi ne da aka saya da lokaci, ba ya bin kuɗin ciniki ranar da aka sayar da babur ɗin, kuma sabon mashin baƙo ne da sai an sake koyon halinsa. Na biyu mutane. Akwai makanikin da ya san mashin ɗin kamar yunwar cikinsa, wanda yakan yi gyara bashi in wata ya yi nisa, akwai mai kayan gyara, akwai yaran gareji da suke koyon sana'a a kansa. Na uku kuma, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne iyali. Kuɗin da ba a kai wa dillali ba, shi ne ya zama kuɗin makaranta da na magani da na buhun masara. Ta wannan fuska, amanar da ake cewa an riƙe wa ƙarfe ta iyali ce da ta maƙwabtan sana'a, ƙarfen shaida ne kawai.

Haka nan kuma, yadda mutum yake riƙon kayansa yakan nuna irin tarbiyyar da ya yi wa zuciyarsa. Wanda yake duba baƙin mai kafin ya fita, ya wanke matata, ya ɗaure abin da ya kwance tun bai faɗi ba, ya koya wa kansa lura da haƙuri, kuma don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ba mu ce duk mai kula da mashin yana kula da mutane ba, don mun san waɗanda suke goge babur da safe su hantari iyali da rana. Abin da muke cewa shi ne, ɗabi'ar gyara maimakon yarwa ɗabi'a ce guda, kuma al'ummar da ta rasa ta a wajen kaya tana cikin haɗarin rasa ta a wajen zumunci da aure da abota.

Wa Yake Kunna Mana Son Sabo?

Mukan ɗauka cewa sha'awar sabon abu daga zuciyarmu kaɗai take tasowa. Tarihin masana'antu ya nuna akwai masu hura wutar. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka haɗu a birnin Janeba suka ƙulla yarjejeniyar cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, suka kuma sa tara a kan wanda nasa ya zarce. A cikin waɗannan shekaru ne Alfred Sloan na kamfanin General Motors a Amurka ya yaɗa dabarar sauya fasalin mota kowace shekara, domin mai ta bara ya riƙa ganin tasa ta tsufa alhali lafiyarta ƙalau. Hanya ta farko tana kashe kayan ne, ta biyu kuwa tana kashe gamsuwar mai kayan. Abin ya kai ga a 2015 ƙasar Faransa ta yi dokar da ta mai da gajarta rayuwar kaya da gangan laifi, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta ƙarfafa 'yancin mai saye na a gyara masa kayansa.

Wani masanin Faransa, Denis Diderot, ya rubuta a 1769 yadda aka ba shi kyautar sabuwar riga ta zaman ɗaki, sai ya ga kujerarsa ba ta dace da ita ba ya sauya, tebur ma ya bi baya, haka ya yi ta sauye-sauye har ya yi nadamar rabuwa da tsohuwar rigar. Mu ma mun san wannan ciwo. Sabon mashin yana son sabuwar shadda, sabuwar shadda tana son sabuwar waya, sabuwar waya tana son a gan ta a majalisa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne saboda ƙofar da yake buɗewa tana kaiwa ne ga wata ƙofar.

Wannan magana ta fi shafar ƙannenmu da suke barin gida su zo kudu neman abinci da acaɓa. Da yawansu suna karɓar sabon babur bashi, a riƙa biya kullum ko mako-mako, kuma jimillar abin da za a biya ta fi kuɗin hannu nesa ba kusa ba. Kafin bashin ya ƙare mashin ɗin ba nasu ba ne, rashin lafiyar mako ɗaya tana iya sa a ƙwace shi. Ga kuma dokoki da suke sauyawa. Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairu na 2013. Gwamnatin Legas ta hana a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, ta sake tsananta hanin daga 1 ga Yuni 2022, aka kama babura masu yawa aka murƙushe su. Wanda aka kama wa tsohon mashin da ya gama biya ya yi asara ɗaya. Wanda ya sayar da tsohon ya yi kafin alƙalami da kuɗin ya karɓi sabo bashi, ya rasa tsohon, ya rasa sabon, bashi kuma yana wuyansa. A irin wannan hali guntun gatari ya wuce karin magana, ya zama lissafin rayuwa.

Hujjojin Ɗaya Ɓangaren

Adalci ya wajabta mu saurari masu cewa sabo turken wawa, domin suna da hujjoji masu ƙarfi.

Hujja ta farko ita ce, sau da yawa abin da muke yabo da sunan wadatar zuci rashi ne. Ba daidai ba ne mu da muke zaune a ofis mu riƙa yi wa talaka kirari a kan tsohon mashin da bai bar shi ba sai don ba shi da yadda zai yi. Ƙana'a tana tabbata ne inda akwai zaɓi. Wanda tilas ta zaunar da shi haƙuri yake yi, haƙurin ma abin girmamawa ne, amma in muka kira shi da sunan da ba nasa ba, mun rufe ido ke nan daga tsadar rayuwar da ta hana shi motsi.

Hujja ta biyu ita ce rai. Babur ba riga ba ce da tsufanta yake tsayawa a jikin mai ita. Birkin da ya cinye, da tayar da ta sule, da fitilar da ba ta haska gaba, suna iya kashe wanda aka goya da wanda yake tsallaka titi. Fasahar birki kuma ta ci gaba, har ƙasar Indiya ta wajabta a 2019 cewa duk sabon babur da injinsa ya haura 125cc sai an sa masa birkin da ke hana taya ƙullewa. Mutumin da ya ƙi gyara ko sauya abin da ya zama haɗari don wai sun saba, ya fifita jin daɗin zuciyarsa a kan jinin wasu, wannan kuwa cin amana ne ko da an yi shi da sunan riƙonta.

Hujja ta uku lissafi ce. Tsofaffin injinan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, irin na tsohuwar Vespa da wasu Yamaha da Suzuki na da, suna shan mai suna kuma turnuƙe unguwa da hayaƙin da maƙwabta suke shaƙa. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, abin da ya sa bambancin shan mai tsakanin inji da inji ya zama babban al'amari. In abin da tsohon mashin yake ci a gareji da gidan mai ya zarce abin da sabo zai ci, to riƙonsa ɓarna ce, iyalin da aka ce don su ake riƙon su ne suke biya.

Akwai ma hujja ta huɗu da ba a cika lura da ita ba. Mai sayen sabo ya sayar da tsoho shi ne yake samar wa ɗalibi da sabon ma'aikaci na hannu mai araha. Da kowa zai riƙe nasa har abada, da mai ƙaramin ƙarfi bai sami abin hawa ba. Saboda haka ba kowane mai sauyi ne mai fariya ba.

Ma'auni

Idan muka ɗora ɓangarorin nan biyu a kan sikeli, za mu ga tsufa da sabunta ba su ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne dalili. Muna ganin tambayoyi uku sun isa su raba gardama. Shin mashin ɗin yana yin aikin da aka saye shi dominsa? Shin riƙonsa yana cutar da wani, a kan titi ko a cikin gida? Shin in da babu mai ganinmu, za mu so mu sauya shi?

Tambaya ta ukun ita ce mai wuyar amsawa da gaskiya, domin tana tona abin da muke ɓoye wa kanmu. Sau da yawa ba mashin ne ya gaza ba, idon abokai ne ya yi mana nauyi. Wanda ya amsa ta farko da i, ta biyu da a'a, ta uku da a'a, sannan ya riƙe abinsa, ya nuna cewa shi yake mallakar sha'awarsa, kuma wannan shi ne abin da malamai suke kira ƙana'a. Ta bambanta da rowa, don marowaci yana hana kuɗi fita ko da buƙata ta taso, mai ƙana'a kuwa ba ya jinkirin sayen sabuwar taya ranar da tsohuwar ta sule. Ta kuma bambanta da lalaci, don malalaci yana barin abu ya ruɓe a hannunsa, alhali riƙon tsohon babur cikin ƙoshin lafiya aiki ne na kowace safiya.

Akwai kuma wata fariyar da ya kamata mai tsohon mashin ya kiyaya, watau ta taƙama da tsufan kayansa da raina masu sabo. Wanda yake hawan tsoho don a ce shi mai gudun duniya ne, da wanda yake hawan sabo don a ce shi mai hali ne, duk idon jama'a suke yi wa hidima.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfe ba shi da haƙƙi a kan kowa, amma mutanen da suke kewaye da shi suna da shi, kuma ta wannan hanya ce riƙon babur mai ƙarko yake shiga sahun kyawawan halaye. Mun ga kuma cewa riƙon yana rasa darajarsa ranar da ya zama haɗari ga rayuka ko nauyi ga iyali. Mai hankali yakan riƙe abu muddin yana da amfani, ya kula da shi iyakar ƙarfinsa, in lokacin rabuwa ya yi kuma ya rabu da shi ba tare da jayayya ba, ya sayar wa na ƙasa da shi bayan ya faɗa masa aibinsa tsakani da Allah.

Mu ɗalibai da malamai wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Akasarinmu za mu fita daga makaranta mu karɓi albashin farko ko ribar farko, kuma dillalai da abokai za su riga iyayenmu sanin ranar. A lokacin ne za a gane ko karatun da muka yi ya koya mana rarrabe buƙata da sha'awa. Muna fatan kafin ɗayanmu ya sa hannu a takardar bashin sabon abin hawa, zai tsaya ya yi wa kansa tambayoyin nan uku, ya kuma je ya zauna da ɗaya daga cikin dattawan nan masu tsohon mashin ya tambaye shi abin da ya yi da kuɗin da bai kashe ba.